Cinikin Fata a Birnin Dandira

Da sunan Mai sama, wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya rina dare ba da baba ba, ya yi wa damisa zane bai karkata layi ko ɗaya ba. Bayan haka, ni ce Tasalla ta Tungar Gwaska, mai jarfa. Ga abin da na rasa, ga abin da na samu, zan faɗa da bakina don kada wani ya riga ni ya yi ƙari. Na rasa miji, Allah ya jiƙansa. Na rasa ɗaki da tsakar gida, da awakina, da haƙori ɗaya na gaba, da inuwar tuluna. Na samu sana'a, na samu tabarma a kasuwar da kakana bai taɓa jin sunanta ba, na samu hannun da ake yin tafiyar wata don a zauna a gabansa. Wanda ya ce na faɗi a wannan ciniki, ya zo ya faɗa a kan idona.

Marigayi wanzami ne. Duk zaman da na yi a gidansa, ni ke kankaro kunkunniya daga gindin tukunya in kwaɓa masa, ni ke riƙe kan 'yan mata idan zai yi musu jarfa a kunci. Ni ke cewa, "Maigida, layin nan ya karkace." Sai ya ce in yi masa shiru, sannan ya gyara. Tun ina amarya hannuna ke ƙaiƙayin allura. Ranar da na fita takaba, ƙaninsa Ɗantani ya shigo, ya ɗauki zabirar kayan aiki daga jikin bango ya rataya a kafaɗa.

Na ce, "Ɗantani, ina za ka da ita?"

Ya ce, "Gida mana, matar Yaya. Ko ke za ki gaje ta?"

"Ni zan gaje ta."

Ya yi dariya har ya dafa bango. "Mace da aska! Wa zai kawo miki kansa? Ki kafa kaskon ƙosai dai, ni ne mai sayen farko."

Na ce, "Kai da ba ka taɓa aske kai ka bar wa mai shi kunne lafiya ba? Tafi da ita. Zan nemo wadda ta fi ta."

A bakin faɗa na faɗe ta, amma ni ba na haɗiye magana. A wannan makon fatake suka sauka a zangonmu, na kai wa madugunsu tuwo, na ga wani tsuntsu zane a damtsensa. Da ya miƙa hannu zai karɓi akushi sai tsuntsun ya buɗe fiffike. Na kusa kifar da miyar. Ya ce mini aikin Birnin Dandira ne, can bayan inda rana ke wanke ƙafa kafin ta fito, kuma gwanar gwanaye a can wata tsohuwa ce, Iya Kuluwa. Ba ta karɓar 'yar koyo sai ta zo da allurarta ta kibiyar beguwa daga Dutsen Kibiya, da baƙin ruwanta daga Fagen Tsamiya. Na sayar da awakina, na sayi jaki baƙi na sa masa suna Duna, na cika mangala da kanwa, na ɗora tuluna a kai, na bi ayari. Inda hanya ta rabu, suka yi arewa, na yi gabas ni kaɗai.

Na ci daji, daji ya ci ni, har na iso Dutsen Kibiya. Beguwoyin wurin kowace ta kai maraƙi, suna magana kamar ni da kai, kuma suna da kasuwa a kan fa. Kibiyoyin da suka zube daga jikinsu suke ɗaurewa dami-dami kamar tsintsiya su kasa. Kanwa ce kuɗinsu, suna lasarta kamar zuma. Na je gaban Sarkin Kasuwarsu, wani ƙato mai tumbi, na zari kibiya ɗaya na gwada a ɗan yatsa. Ta dushe. Waɗanda ke jikinsa kuwa sai sheƙi suke, tsini kamar idon maye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa damin?"

Ya ce, "Mangalar nan duka."

"Dunƙule ɗaya na taya."

"Albarka."

"Na jikinka fa?"

"Waɗannan ba na sayarwa ba ne. Ba sa fita sai na yi fushi, kuma wanda suka fita dominsa ba ya komawa gida."

Na yi kamar na haƙura. Na sauke wa Duna kaya, na kwance akumarinsa, wato matashin nan mai kauri da ake ɗora wa jaki a baya, na jingina shi a gwiwata kamar mai neman wurin zama. Sannan na koma ciniki irin na matan Tungar Gwaska, wanda ake fara shi da kushe kaya.

"Wannan kibiya ce ko tsinken sakace?"

Gashin wuyansa ya motsa.

"Ko da yake ba laifinka ba ne, tsufa ne. Ai na ga sanƙo yana leƙowa ta baya."

Kibiyoyinsa suka miƙe suna kaɗawa, kas-kas-kas.

Na ce, "Bari in tafi. A garinmu bushiyar bayan rumbu ma ta fi ka kibiya."

Ashe babu zagin da ya kai wannan a wurinsu. Ya juya mini baya ya girgije. Na ɗaga akumari na duƙa a bayansa, na ji tif, tif, tif, kamar ƙanƙara a kan rufin ɗaki. Da na leƙa, akumari ya zama beguwa shi ma. Na rungume shi, na haye Duna ba shimfiɗa, na jefa musu dunƙulen kanwa ɗaya, abin da na taya tun farko, don kada a ce Tasalla ta ci haram. Sauran mangalar na jawo ta da hannu ɗaya. A gangaren dutse Duna ya yi tuntuɓe, bakina ya gaisa da fa, haƙorina ya zauna a can. Amma na sauka da kibiyoyi sababbi da suka ishi mai jarfa har ta tsufa.

Daga nan na bi rairayi, na ƙetare wani kogi mai gudu da baya, sai ga Fagen Tsamiya. Fili ne fetal, tsamiyoyinsa kowace sai mutum ya gaji kafin ya zagaye ta. Idan rana ta take tsaka, inuwarsu takan taru a gindi ta yi kauri kamar kunu, mata su fito da ludayi su kwashe ta a gora. Shi ne baƙin ruwan jarfa. Mutanen wurin ba sa duban fuskar mutum. Kullum idonsu a ƙasa, inuwarka suke gaisarwa, ita suke tambaya ya gajiya.

Magajin Inuwa, mai sayar da gorunan, ya yi mini bayani yana kallon ƙasa. Ya ce inuwar itace ita kaɗai matacciya ce, sai an ɗiga mata ta ɗan Adam, kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabo don ya kama. Shi ya sa zanen ke motsi. Don haka farashin gora ɗaya shi ne kamu ɗaya na inuwar mai saye, a yanka daga sama.

Na ce, "Rabin kamu."

"Albarka."

"Daga ƙafa."

"Daga sama, baiwar Allah. Haka muka gada."

Da na je rijiya ɗiban ruwa na ga wasu mutane zaune jugum, inuwarsu duk ba kai. Wata mata ta raɗa mini cewa baƙi ne masu saye. Wanda aka yanke wa inuwar kai ba ya ƙara tuna hanyar gida, ba ya tuna abin da ya kawo shi. Ga gorarsa a hannu, bai san me zai yi da ita ba. Na ce a raina, to, da sauran magana.

Na koma na ce wa Magaji, "Na yarda da kamu ɗaya daga sama. Amma da sharaɗi: da la'asar za a yanka, kuma a tsaye, ina tafe daga rijiya. Ni mace ce mai aiki, ba na zama don ciniki."

Ya ce wannan ba komai. Da la'asar sakaliya na cika tuluna, na naɗa gammo mai tsayi, na ɗora, na taho ina rangwaɗa. Inuwata ta miƙe a gabana kamar giginya. Magaji ya duƙa da almakashinsa, ya ga abin da ke samanta, ya ce, "Kai! Tun da nake ban taɓa ganin mace mai kai irin wannan ba."

Na ce, "Hankali ne ya cika shi. Yanka, ina sauri."

Ya auna kamu, ya datse, ya naɗe, ya miƙo mini gora. Sai da ya warware abin a tafin hannunsa ya ga yana da baki da wuya amma ba kunne. Ya yi ihu, "Tulu ne!"

Na ce, "Daga sama ka ce, ranka ya daɗe. Ni ban ce maka ga abin da ke sama ba."

Matan rijiya suka kwashe da dariya har da tafi, suka ce ciniki ya faɗa. Da yake dai na san dariyar mata ba ta tsare mashi, ban jira ya gama tunani ba, na kaɗa Duna. Tulun yana nan har yau, ka ajiye shi a rana ba ya yin inuwa, ruwansa kuma ba ya sanyi.

Ranar da na shiga Birnin Dandira na saki baki, giɓina a waje. Kowa a garin zane ne tun daga goshi har dunduniya. Mai sayar da nama, shanu na kiwo a ƙirjinsa. Wata budurwa ta yi dariya, taurari suka yi ta ƙyaftawa a kuncinta. Jariri kaɗai za ka gani da fata fes, shi ma yaye ake jira. Na tambayi rumfar Iya Kuluwa, aka nuna mini tsakiyar kasuwa, inda manya ke cire takalmi su durƙusa.

Na isa na ga tsohuwa 'yar firit a kan tabarma. Amma jikinta! Ga kaza mai ƙafa uku tana ɗingishi a hannunta. Ga ƙadangare mai kai kamar ludayi. Ga kifi yana iyo da baya, ga wani abu a goshinta da har yau ban san ko doki ne ko kujera ba. Kamar bangon da yara suka samu gawayi. Raina ya yi fari, na ce yau ga kaya mai aibi, ciniki zai yi daɗi.

Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye kibiyoyi da gora a gabanta, na ce, "Iya, koyo na zo. Amma in dai abin da ke jikinki shi ne aikin gidan nan, sai ki yi mini rangwame mai yawa."

Wani dattijo ya yi salati. Ita kuwa ta bushe da dariya har kazar ta faɗi ta tashi.

Ta ce, "'Yar nan, daga wane ƙauye? Matso ki gani. Kazar nan ta Tabawa ce, wadda yanzu 'ya'yan sarakuna ke layi a ƙofarta. Ƙadangaren nan na Dela ne, tana kuka ta yi shi. A garin nan 'yar koyo ba ta taɓa fatar mai biya sai ta fara zana a jikin malamarta. Duk ɓarnar hannun farko a nan take sauka. Wadda ta fi kowa muni a Dandira ita ta fi kowa girma."

Ta juya ta ɗage ɗankwali. A ƙeyarta akwai wani fili fes, bai wuce faɗin ganyen goro ba.

"Wannan ya rage mini. Wadda ta cike shi ita ce ta ƙarshe, ita za ta gaji tabarmar nan, ita kuma za ta ba masu koyo fatarta. 'Yan garin nan kuwa ba mai sauran fili a jiki. Na daɗe ina jira."

Tana magana tana duban hannuwana kamar yadda mahauci ke duban rago. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, ba ni da dogon hanci, ba ni da manyan idanu, amma fata Allah ya ba ni. Ko ƙurji bai taɓa bar mini tabo ba. Marigayi ya sha roƙona ya yi mini ko ɗigo uku a kunci, na hana. Na ja mayafi na rufe hannuna.

Na ce, "Nawa za a ba masu koyon daga fatar tawa?"

Ta ce, "Ba yanzu ba. Koyi tukuna a jikin kabewa. Idan hannu ya nuna ma yi ciniki."

Na yi murna a ɓoye. Wa ya taɓa ba da kaya kafin a yanka farashi? Na ce tsohuwar nan ba ta iya kasuwa ba.

Damina ta zo ta wuce ina huda kabewa. Ta koya mini riƙon kibiya da yatsu uku, ɗan ƙaramin yatsa a dafe don kada hannu ya yi lilo. Ta koya mini zurfin huji: ka tsaya a sama, zane ya goge, ka zarce, ya bazu kamar ruwa a rairayi. A tsoma, a huda, a share da auduga, a ƙarshe a shafa man kaɗe. Idan na yi kuskure ba ta faɗa, sai ta ce, "Yau ma miyar taushe." Unguwar nan ta sha miyar taushe har yara suna gudu idan sun gan ni da kabewa. Amma kafin kaka ta ƙare na zana kurciya a jikin wata, kurciyar ta juya kai ta dube ni.

Iya ta ce, "Hannu ya nuna. Zauna mu yi magana. Jiki duka, daga goshi zuwa dunduniya."

Na ce, "Tafin ƙafa biyu."

"Albarka."

"Na ƙara da fatar Duna. A aske shi, fili ne babba."

"Jaki yana harbi. Jiki duka."

"Iya, ki duba fa. Duk garin nan ba mai irin kayana. In na tafi, tabarmarki sai gara."

"In kin tafi, 'yar nan, sai ki yi ta yi wa kabewa kwalliya har ki mutu."

Na miƙe na kaɗe zane. Kowace 'yar kasuwa ta san ciniki ba ya nuna sai an yi tafiya an kira ka. Na ɗaura wa Duna kaya a gabanta, na ja shi a hankali. Ba ta kira ba. Na tsaya gyaran igiya. Ba ta kira ba. Na kai ƙofar gari, na kwance kayan na sake ɗaurewa, na ba Duna ruwa har ya ƙi sha. Na waiwaya, ko ɗan aike babu. Ashe na gamu da gamona.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ce, da allurata, da gorata, da hannuna, me ya rage? Na shimfiɗa mayafi a gindin ganuwa ta waje, na kasa kabewar nan mai kurciya. Ba a jima ba sai ga wani ƙato ya nufo gari, ƙirji kamar ƙofar zaure, layu har gwiwar hannu. Sunansa Barmo, ɗan kokawa ne baƙo, ya zo karawa da gwanin Dandira, yana so a yi masa zaki a damtse mai ruri idan ya murɗa hannu.

Ya ce, "Inna, aikinki ne wannan?"

Na ce, "Ɗana, wannan ma da hagu na yi shi. Zauna."

Na tsoma, na huda. Wayyo! Ashe kabewa ba ta numfashi. Kabewa ba ta gumi, ba ta zabura, ba ta cewa wash. Hujin farko ƙaton nan ya yi tsalle kamar kunama ta harbe shi, layin ya tafi yamma. Na ce ya tsaya, ya ce a tsaye yake, alhali naman hannunsa sai rawa yake kamar na saniya mai korar ƙuda. Jini ya fito ya rufe mini hanya. Gashin wuyan zaki ya zame ya koma gemu. Ƙafafu suka siranta. Na rufe ido na ƙarasa, na shafa man kaɗe da yawa.

Masu shiga gari sun taru. Barmo ya miƙe ya buga ƙirji, ya murɗa damtse.

Abin ya ce, "Meee!"

Ya sake murɗawa da ƙarfi. "Meeeee!"

Wata akuya da ke kiwo a bakin ganuwa ta amsa. Mutane suka zube ƙasa don dariya, mai gadin ƙofa har da riƙe ciki. Barmo bai yi dariya ba. Ya ɗauke ni da hannu ɗaya kamar damin kara, ya ratsa kasuwa da ni, hannun na kuka a kowane taku, ya dire ni a rumfar Iya Kuluwa, don ita ke shari'ar duk abin da ya shafi allura.

Ya ce, "Iya, zaki na ce! Da wane ido zan shiga fage? In kama mutum, hannuna ya yi masa kukan akuya?"

Iya ta duba, ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa. Ta ce, "Zane ba ya gogewa, ɗana. Amma zauna." Ta karɓi kibiyata. Tana yi masa hirar garinsu da kokawar da ya yi a baya, bai ma san ta fara ba. Ta kaurara wuya, ta cika ƙirji, ta naɗa ƙaho biyu manya masu murɗi. Ta ce ya gwada. Ya murɗa, sai ga rago ya ja da baya ya kai karo, har hannun Barmo ya yi gaba da kansa ya tunkuɗe turken rumfa. Ya dubi damtse, ya dubi turke, ya washe baki. Ya ce ai zaki ma ba ya karo. Ya tafi yana tunkuɗe duk abin da ya gamu da shi.

Sannan tsohuwa ta juyo kaina, kasuwa duk ta kewaye mu.

"Dokar Dandira: baƙuwar da ta huda fatar mai biya ba ta fara da malama ba, a karya allurarta, a tuntsurar da gorarta, a raka ta bayan gari. Amma in 'yar gida ce, laifin na malamarta ne, kuma na riga na biya. Wace ce ke a ciki, 'yar nan?"

Na dubi kibiyoyin da na ba da haƙori dominsu. Na tuna Ɗantani da kaskon ƙosansa.

Na ce, "'Yar gida ce. Amma ba mu gama ciniki ba."

Ta ce, "Na sani. Ɗauki allura. Ma ƙarasa kina aiki, kuma ba ki ɗaga hannu sai ya faɗa."

Ta juya mini ƙeya ta ɗage ɗankwali. Filin nan ɗan mitsitsi, fata ta tsufa ta yi laushi kamar tsohon alharini. Na ce a raina, idan na ɓata wannan babu wani. Na kasa hudawa.

Ta ce, "Jiki duka."

Na ce, "Haba Iya! Baya kaɗai." Sai na ga na riga na huda. Ba ta ko motsa ba. Kamar dutse, sai dai dutse mai ɗumi.

"Baya ai shekara kaɗan zai cika. Jiki duka, ban da tafin ƙafa, na bar miki abinki."

"Abin da na taya shi za ki bar mini? Baya da kafaɗa."

"Albarka. Kin zurfafa, sassauta. Da hannuwa."

"Zuwa gwiwar hannu."

"Zuwa yatsu."

"Da me zan ci tuwo, da ƙadangare? Zuwa wuyan hannu."

Muna ja, allura na tafiya. Bakina na faɗa, hannuna ya manta da tsoro. Jini ya ɗan tsatso, na share ban ko tsaya ba. 'Yan kasuwa suka rabu biyu, masu nama na bayan Iya, masu daddawa na bayana, kowa na ihu kamar ana dambe. Kurciya ta fara fitowa. Fiffikenta na dama ya fi na hagu girma, na gani, na so in tsaya. Iya ta ce, "Ci gaba. Ta Tabawa ƙafa uku gare ta. Yanzu fuska."

Nan ne muka daɗe. Ta ce duka, na ce ko ɗigo. Ta ce goshi da kunci biyu, na ce ta kashe ni ta huta. Sannan ta ce a hankali, ba don kasuwa ta ji ba, "Wata rana wata za ta zo miki daga nesa, ba haƙori, da baki kamar reza. Ina za ki ajiye mata?"

Na ci gaba da huda. Na ƙarasa ƙafar kurciya, na ɗiga mata ido. Kurciya ta girgije, ta tashi, ta yi ta zagaye a wuri ɗaya saboda fiffiken nan. Aka miƙo wa Iya madubi biyu ta duba, ta ce, "Mummuna. Madalla." Allurata na nan a kan fatarta, ban ɗaga ba.

Na ɗaga murya don kowa ya zama shaida, na ce, "Ku ji farashin Tasalla. Bayana duka, daga ƙeya zuwa ƙugu. Hannu biyu, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Ƙafa biyu, daga gwiwa zuwa idon sawu. Kuncin hagu na ajiye wa ta ƙarshe, ba mai taɓa shi sai ita. Goshi da hanci da haɓa nawa ne. Ƙadangare kuwa, duk wadda ta zana mini shi ta bar gidana. Saura gyara, don ni ban taɓa barin kasuwa ba gyara ba."

Iya ta ce, "Mai saye ke neman gyara, ke kuwa sayarwa kike."

"Na saya, na sayar. Kuncin dama: ke za ki zana shi da hannunki, aikin gwana, yau ɗin nan kafin rana ta faɗi. In zan yi muni, a bar mini wuri ɗaya da zan nuna wa mutane abin da muni ke saye."

Tsohuwa ta yi dariya har kurciya ta rikice. Ta miƙo hannu ta baya ta kama nawa, ta ce, "Kin cuce ni, 'yar nan. Kin sallama?"

Na ɗaga allura na ce, "A haka, na sallama."